Allurar da ba ta kwana: yunƙurin haɗa sinadarin hoton PET a cikin ɗigon ruwa

Duk wanda ya taɓa jinyar wani nasa a Kano ya san yadda ake neman magani. Likita zai rubuta takarda, a ba yaro ya tsallaka kemis ɗin bakin asibiti, idan babu ya wuce kasuwar magani, idan can ma ba a dace ba a buga waya Legas a sako shi a mota. Hankalinmu ya riga ya zauna a kan cewa magani abu ne da ake jerawa a kanta, an buga masa ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, kuma tsakanin ranakun akwai shekara biyu ko uku. Shi ya sa idan likitan ciwon daji ya gaya wa dattijo cewa yana so a yi masa hoton PET, kuma hakan na nufin tafiya Legas ko Masar ko Indiya, akan ji dattijon ya ce, "Likita, in dai allura ce ake yi kafin hoton, me zai hana a sayo ta a ajiye mana a nan?" Likitan kuwa ba shi da abin cewa illa, "Baba, wannan allurar ba ta kwana. Da asuba ake haɗa ta, kafin magariba ta zama ruwan banza."

Maganar likitan gaskiya ce tsantsa, kuma daga cikinta duk wahalar wannan fanni ta taso. Masana sun shafe kimanin shekara 20 suna gwada wata hanya ta rage wahalar, wato haɗa allurar a cikin magudanai masu sirantakar gashin kai, ko ma a cikin ɗigo guda na ruwa, maimakon manyan na'urorin da aka saba. Gara in faɗi ra'ayina tun da wuri: wannan fasaha ta ƙanƙanta tukunya ƙwarai da gaske, amma murhu yana nan yadda yake, haka ma mai ɗanɗana miya kafin a zuba wa baƙi, kuma duk wanda ke lissafin abin da za ta amfana wa gari irin Kano sai ya riƙe waɗannan abubuwa uku tare.

Hotunan asibiti da muka saba da su, na ƙashi da na CT da na MRI, siffar gaɓa suke nunawa, wato girmanta da mazauninta da ko akwai ƙari a jikinta. Abin da ba sa iya faɗa kai tsaye shi ne ko ƙarin nan yana raye yana ci, ko kuwa tabo ne kawai ya saura bayan magani ya kashe shi. Hoton PET aikin gaɓa yake dubawa. Dabararsa irin ta mutumin da magudanar gidansa ta toshe ce, bai san ta inda ruwan yake bi ba, sai ya zuba ɗan shuni a bakin rariya ya zagaya yana duban inda launin zai ɓullo. George de Hevesy, ɗan ƙasar Hangari, shi ya fara amfani da sinadari mai tiririn nukiliya a matsayin irin wannan shuni domin bin sawun abubuwa a jikin tsiro da dabba, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 1943. Sinadarin da aka fi yi wa mutane allurarsa a yau ana kiransa FDG, kuma ba komai ba ne illa sukarin gulukos da aka cire masa wani ɗan sashe aka maƙala ƙwayar zarra ta fulorin-18 a gurbinsa. Tun a shekarun 1920 Otto Warburg na Jamus ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna da haɗamar sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Suna ganin FDG sai su hadiye shi a zaton abinci ne, amma da yake an sauya masa gini ba sa iya ƙarasa narkar da shi, sai ya maƙale a cikinsu ya taru. A 1976 masana na cibiyar Brookhaven a Amurka suka fara haɗa shi, kuma a shekarar aka fara gwada shi a jikin mutum a Jami'ar Pennsylvania.

Idan ƙwayar fulorin-18 ta rushe, takan saki wani ɗan ƙwaya da ake kira fositiron, wanda ba ya yin nisa, galibi bai kai milimita ɗaya ba, sai ya ci karo da ilektoron, su biyun su ɓace su zama haskoki biyu da ke fita a lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma. Zoben na'urar da mara lafiya ke kwance a cikinsa yana kama haskokin biyu, kwamfuta ta ja layi tsakaninsu, kuma daga miliyoyin irin waɗannan layuka ne hoton yake fitowa, inda wurin da sukarin ya taru yake yin duhu ko ja.

Inda gizo ke saƙar shi ne fulorin-18 ba ya jira. Kowane minti 110 rabin abin da ke hannu yana rushewa, sauran rabin kuma ya sake rabuwa biyu bayan wani minti 110, haka har ya ƙare. Mai sayar da ƙanƙara a watan azumi yana da irin wannan damuwa, sai dai shi yana iya naɗe hajarsa da buhu ya kai ta inuwa ya sayi lokaci. Nan babu buhu, babu firji, babu wani sanyi ko zafi da zai rage saurin rushewar ko da daƙiƙa ɗaya. Bayan awa 5 da rabi kashi 1 cikin 8 ne ya saura. Idan aka saka shi a motar da ta taso daga Legas ta yi awa 16 zuwa 17 a hanya, abin da zai iso Kano kusan kashi 1 ne cikin 500. Kuma fulorin-18 shi ne mai haƙuri a cikin 'yan uwansa, domin kabon-11 minti 20 yake rabuwa, naitirojin-13 minti 10, oksijin-15 kuwa minti 2. Wannan gajeren rai da gangan aka zaɓe shi, saboda shi ne kariyar mara lafiya: washegari kusan babu sauran tiririn a jikinsa. Abin da ya zama rahama ga majinyaci shi ya zama azaba ga mai haɗa maganin.

A yadda ake yi yanzu, aikin yana farawa ne daga saikulotiron, na'urar da Ernest Lawrence ya ƙirƙira a Kalifoniya a farkon shekarun 1930. Maganaɗiso ne mai nauyin ton da yawa, wanda ke juya ƙwayoyi a da'ira har su yi gudu mai tsanani, sannan a harba furoton cikin ɗan ruwa na musamman da bai wuce cikin rabin ƙaramin cokali ba. Ruwan an cika shi da nau'in oksijin-18, wanda a ruwan sha na yau da kullum kashi 0.2 ne kacal cikin 100, shi ya sa yake da tsada. Bayan awa ɗaya ko biyu ana harbi, wani kaso na oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama fulorin-18. Ana ajiye saikulotiron a ɗaki mai bangon kankare da kaurinsa kan kai mita 2, ko a lulluɓe shi da garkuwarsa ta kansa. Daga nan ruwan yana bin siririn bututu zuwa cikin wani akwati na dalma mai kaurin kimanin santimita 7 da rabi, wanda shi kaɗai ya kai ton da dama, kuma a cikinsa na'urar haɗin take. Na'urar za ta kama fulorin ta raba shi da ruwan, ta busar da shi sarai domin ruwa yana kashe masa kuzari, ta haɗa shi da sukarin da aka riga aka shirya a cikin zafi, ta cire wasu sassa da aka rufe sukarin da su, ta tace, ta zuba a kwalba. Wannan tsari na Hamacher da abokan aikinsa ne na cibiyar Jülich a Jamus, tun 1986, kuma har gobe shi ake bi. Dahuwa ɗaya takan wadatar da majinyata da yawa, shi ya sa ake yin ta da tsakar dare, a raba wa asibitoci da sassafe.

Akwai wani lissafi da ke ba mutum mamaki idan ya fara jin sa. Allurar FDG ta mutum ɗaya takan kai kimanin megabekaral 370, wato ƙwayoyi miliyan 370 ne ke rushewa a kowace daƙiƙa. Adadin yana da girma a kunne, amma idan aka auna nauyin ainihin sukarin da ke ɗauke da fulorin-18 a cikin allurar, kusan nanogiram ɗaya ne, kashi 1 cikin biliyan na giram. Duk sauran abin da ke cikin sirinjin ruwan gishiri ne. Ke nan ana dafa abin da ido ba ya gani, wanda ko ma'aunin masu zinariya ba zai motsa ba, a cikin kwalba mai cin mililita ɗaya ko biyu, a cikin na'ura mai girman akwatin talabijin, a cikin ɗakin dalma mai nauyin mota. Kamar a ɗora tukunyar gidan biki ne domin a dafa ƙwayar shinkafa guda. Kuma da yake dole a cika tukunyar, ana zuba kayan haɗi ninki dubbai fiye da abin da fulorin ke buƙata, daga baya a dawo ana wahalar tace rarar.

Daga wannan rashin daidaito ne tunanin ƙananan magudanai ya samo asali. Fasahar ta taso a wajajen 1990 daga masana'antar ƙera sassan kwamfuta, inda aka iya zana hanyoyi ƙanana a jikin gilashi ko silikon. Faɗin irin wannan magudana yakan kasance mikiron 100 zuwa 300, wato gashin kai ɗaya zuwa uku a jere. A wannan ƙanƙanta ruwa yana sauya hali. Ba ya tumbatsa ko ya yi juyi kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama, sai dai ya tafi sumul, har ruwa iri biyu su jera kafaɗa da kafaɗa ba su cakuɗa ba sai a hankali ta gefen da suka haɗu, kuma da yake tazarar 'yar kaɗan ce, cikin daƙiƙoƙi sun ratsa juna. Sannan duk lokacin da aka rage faɗin mazubi sau 10, fatar da ruwan ke taɓawa, idan aka gwada da yawansa, tana ninkuwa sau 10. Kowace mace ta san kunu ya fi saurin hucewa a faranti fiye da a kofi. Saboda haka zafi yana shiga nan take ya fita nan take, busarwa ba ta ɗaukar lokaci, kuma ga abin da ke rabuwa biyu kowane minti 110, duk minti 10 da aka tsira da shi kusan kashi 6 ne cikin 100 na hajar.

Gwajin da ya ja hankalin duniya ya fito a mujallar Science a 2005, daga haɗin gwiwar masana na Caltech da Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas, wato UCLA, cikinsu har da Stephen Quake da Hsian-Rong Tseng da Michael Phelps, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro na'urar PET kanta. Sun ƙera ɗan faranti na wata roba mai laushi da haske da ake kira PDMS, girmansa bai wuce kwabo ba, mai ɗauke da magudanai da ƙananan ƙofofi da iska ke buɗewa tana rufewa, kuma a cikinsa suka gudanar da matakan haɗa FDG daga farko har ƙarshe a minti 14, alhali na'urorin lokacin sukan ci kusan minti 50. Abin da ya fito ya isa a yi wa ɓera hoto. Sai dai robar ta ba su kunya ta fuska biyu: tana shanye wani kaso mai yawa na fulorin ɗin da ake tattali, kuma ruwan sinadaran da ake dahuwar da su yana kumbura ta ko ya ratsa ta. Shekarun da suka biyo baya an kashe su ne wajen neman abin da zai maye gurbinta, gilashi ko silikon ko robobi masu tauri.

Wasu sun bi wata hanya, ta tura kayan haɗin su gudana ta cikin siririn bututu mai zafi ba tare da tsayawa ba, su shiga ta wannan baki a rarrabe su fita ta wancan a haɗe. Kamfanin Advion na Amurka ya sayar da irin wannan na'ura mai suna NanoTek, kuma an yi amfani da ita wajen haɗa sinadaran da aka yi wa mutane allura a binciken asibiti. Illarta ita ce matakin dahuwa kaɗai ta ƙanƙanta, busarwa da tacewa suka tsaya a girmansu na da, don haka har yanzu sai an nema mata babban akwatin dalma.

Hanyar da ni na fi ganin tana da makoma ita ce ta ɗigo. A 2012 ƙungiyar Michael van Dam da Chang-Jin Kim a UCLA ta nuna cewa ana iya matse ɗigon ruwa tsakanin faranti biyu, a riƙa jan sa daga gurbi zuwa gurbi da wutar lantarki, a dafa shi a tsakiya, ba famfo ba bututu. Farantan sun yi tsadar ƙerawa, alhali abu ne da ake so a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar, sai suka koma ga wani abu mai sauƙi har ya kusa ba da dariya. Ɗan guntun silikon ne aka shafe shi da Teflon, irin abin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, aka bar da'ira guda mai faɗin 'yan milimita ba a shafa ba. Ruwa yana zama a kan Teflon kamar yadda yake dunƙulewa a kan ganyen gwaza, saboda haka duk ɗigon da aka sauke sai ya tattaru a da'irar nan ya tsaya cak. A ƙarƙashin farantin akwai ɗan abin dumama. A sauke ɗigon fulorin a busar, a sauke ɗigon kayan haɗi a kansa a dafa, a sauke na gaba, a ƙarshe a tsotse abin da ya fito. Yawan ruwan dahuwar kimanin mikirolita 10 ne, wato kashi 1 cikin 5 na ɗigon da ke faɗowa daga kwalbar maganin ido.

Ribar da ake samu a nan ta wuce sauri. Kayan haɗi suna raguwa ninki 10 zuwa 100, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sababbin sinadarai waɗanda ake sayen tushensu da miligiram a farashi mai tsada. Na'urar ta zama ƙarama har ana iya kewaye ta da dalma kaɗan a ɗora a kan benci. Mai bincike yana iya jera gwaji 16 a faranti ɗaya ya gano zafin da ya fi dacewa a wuni guda, aikin da a babbar na'ura zai ci makonni, tunda ita sai an jira tiririn jiya ya huce kafin a buɗe akwatin. Akwai kuma riba biyu da ba sa bayyana sai an nutsa. Ta farko, tiririn da ya taru a kwalba yana farfasa maganin da ke ɗauke da shi, shi ya sa ake ƙara masa ɗan etanol ko bitamin C don kariya, amma a magudanar da ta fi tafiyar fositiron ƙanƙanta, yawancinsu sukan fice ta bango kafin su yi ɓarna. Ta biyu ta fi muhimmanci. Fulorin na yau da kullum, wanda ba ya fitar da tiriri, yana ɓuya a cikin kayan haɗi da bututai, kuma yana shiga ginin maganin daidai yadda mai tiririn yake shiga. Ga FDG wannan ba damuwa ba ce, domin jiki yana karɓar sukari da yawa. Amma sinadaran da ake aikawa su nemo wasu 'yan gurabe ƙididdigaggu a ƙwaƙwalwa ko a jikin ƙari, kamar mota ce mai kujeru kaɗan, idan waɗanda ba a gani suka riga suka cike kujerun, waɗanda na'ura ke iya gani sai su rasa wurin zama, hoton ya fito dishi-dishi. Ƙarancin kayan haɗi yana nufin ƙarancin waɗannan 'yan cin kujera.

To, me ya sa bayan shekara 20 asibitocin duniya ba su watsar da manyan na'urorinsu ba? Dalili na farko shi ne saikulotiron yana ba da fulorin a cikin mililita 2 ko 3 na ruwa, farantin kuwa mikirolita 10 yake ɗauka, sai an matse hajar ninki ɗaruruwa ta hanyar kama ta a jikin ɗan ƙullin garin roba a sake wanko ta da ɗigo ɗaya ko biyu, kuma a kowane mataki ana asarar wani abu. Na biyu, tace maganin daga dattin dahuwa, wanda ga sinadarai da yawa yana buƙatar na'ura mai zaman kanta. Na uku shi ne wanda na kira mai ɗanɗana miya. Duk abin da za a saka a jijiyar mutum sai an tabbatar shi ne abin da ake nufi, an auna tsaminsa, an duba ko akwai ragowar ruwan sinadari ko gubar ƙwayoyin cuta, an gwada matatar da aka bi da shi ta ciki mai ramukan mikiron 0.22 ko ta fashe. Gwajin tabbatar da babu ƙwayar cuta mai rai kwana 14 yake ɗauka, shi ya sa doka ta yarda a yi allurar kafin sakamakonsa ya fito, bisa sharaɗin an kiyaye tsabta a kowane mataki. Waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne a kan kowace dahuwa, ko ta mutum 30 ce ko ta mutum ɗaya. Wanda ya dafa wa mutum 30 sau ɗaya zai gwada, wanda ya dafa wa kowa tasa kuwa sai ya gwada sau 30, da na'urorin da suka cika ɗaki da ma'aikacin da ya san aikinsu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Shi ya sa ga FDG, wanda kullum akwai masu jiransa, babbar tukunya ta fi araha kuma za ta daɗe a haka. Inda ɗigo yake da ƙarfi shi ne sinadaran da mutum biyu ko uku ne ke buƙatarsu a mako, waɗanda ba wanda zai ɗora musu babbar tukunya, kuma irinsu ne suka fi yawa a cikin ɗaruruwan da masana suka ƙirƙiro amma majinyata ba sa samu.

Murhun kuwa, wato saikulotiron, ba ya shiga faranti. Kamfanin ABT na jihar Tennessee a Amurka ya ƙera ƙarami mai suna BG-75, wanda ƙarfin harbinsa miliyan 7.5 ne a ma'aunin ilektoron-bolt, alhali waɗanda aka saba suna tsakanin 11 da 18, aka haɗa shi da ƙaramin katin haɗin magani domin ya riƙa fitar da allurar mutum ɗaya a duk lokacin da aka buƙata. Duk da haka na'ura ce mai nauyin ton-ton, mai son wuta tsayayya da sanyi da injiniya a kusa.

Idan aka dawo gida, Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, ko da yake tafiyar tana jan ƙafa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar hoton nukiliya a 2006 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ma yana da sashen, kuma aikinsu ya dogara ne a kan teknishiyom-99m, mai rabuwa kowace awa 6, wanda ake tatsa daga wani akwati da ake shigowa da shi daga waje. Uwar da ke cikin akwatin tana haifar da teknishiyom ɗin, wato molibdinom-99, awa 66 take rabuwa, ana kuma samar da ita a tashoshin nukiliya ƙalilan a duniya, ciki har da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu. Da tashar Kanada da ta Holan suka tsaya gyara a 2009 da 2010, asibitoci a duk duniya sun shiga ƙaranci. Hoton PET da saikulotiron kuwa sai a farkon shekarun 2020 suka fara aiki a wata cibiya mai zaman kanta a Legas. Wasu kan ce ai muna da tashar nukiliya a Zariya, me zai hana ta ba mu. Tashar da ke cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarama ce mai kilowat 30 da 'yan kai, an yi ta ne domin bincike da gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai, kuma fulorin-18 na asibiti daga saikulotiron yake fitowa, ba daga irinta ba. Abin da Zariya za ta iya bai wa Kano shi ne mutanen da suka san ladabin aiki da tiriri, kuma wannan ya fi na'ura wuyar samu.

A ganina hanyoyi biyu ne fasahar ɗigo za ta iya yi wa Kano amfani, idan an sami na'urar PET da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa da amincewar NAFDAC. Ta farko ita ce a sayo ɗanyen fulorin-18 daga inda saikulotiron yake, a haɗa abin da ake so a nan, yau na ƙwaƙwalwa, gobe na furostet, wato 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A ɗauka ya bar Legas da ƙarfe 5 na asuba, ya ci awa ɗaya da wani abu tsakanin hanya da cike takardun kaya masu haɗari, jirgi ya yi awa ɗaya da rabi, aka ɗauko shi daga filin jirgin Malam Aminu Kano aka ratsa cunkoson safe zuwa asibiti. Kafin ƙarfe 9 kashi 1 cikin 4 ya saura, kuma wannan ya isa aiki idan an ɗebo da yawa tun farko. Amma duk Bakano ya san abin da hazo ke yi wa jirage a Disamba da Janairu, kuma idan aka ɗage tashi zuwa washegari, abin da zai iso bai kai kashi 1 cikin 8,000 ba, ga majinyata sun wuni da yunwa, tunda mai jiran hoton FDG sai ya yi kimanin awa 6 bai ci komai ba.

Hanya ta biyu ba ta bi ta filin jirgi kullum. Akwai wani akwati mai kama da na teknishiyom, girmansa bai wuce kular abinci ba, wanda ke ɗauke da jamaniyom-68. Shi kwana 271 yake yi kafin ya rabu biyu, kuma yana rushewa ne ya zama galiyom-68, mai fitar da fositiron, mai rabuwa kowane minti 68. Akan yi kusan shekara ana amfani da akwati ɗaya. Galiyom ba ya buƙatar wahalar busarwa irin ta fulorin, domin a cikin ruwa yake kama maganin da aka shirya masa, kuma da shi ake yin hoton PSMA na ciwon dajin furostet, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disamban 2020, da kuma hoton wasu ƙari na hanji da fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, masu fitar da sinadaran jiki. Ba ya maye gurbin FDG, akwatin yana da tsada, kuma abin da ake tatsa a lokaci guda bai wuce na mutum biyu ko uku ba ko da sabo ne, yana raguwa yayin da watanni ke tafiya. Wannan ƙanƙantar haja ita ce daidai awon da ƙaramar na'ura ta dace da shi. Ana zuba wa akwatin 'yan mililita na ruwan asid mai rauni a tatsi galiyom da safe, a bar shi ya huta kimanin awa 4 ya sake tara wani, a sake tatsa bayan azahar, ko da hazo ya rufe sararin Kano ko bai rufe ba.